Ramin Farce a Tsibiran Farasan

Masu zuwa shagona a unguwar Misfala sukan tambaye ni yadda aka yi Bakano, wanda ya tashi bai san wani ruwa ba sai rijiya da kududdufi, ya zama shi ke kawo wa Makka kayan teku. Nakan ce musu su sayi abin da suka zo saya. To amma 'ya'yana sun fara tasowa da Larabci a baki, gara in rubuta abin da Hausa tun ina tuna shi daidai.

Ba zan tsaya kan fitowarmu daga gida ba, ko shekarun da muka yi muna tsinkar auduga a Sudan. Duk wanda ya zo ta ƙasa ya san wannan. Daga Musawwa zan fara.

Mu biyu ne, ni da Gwaggo Hansatu, yayar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar uwata. Ba ta haihu ba. Sana'arta haɗa humra da turaren wuta, kuma da wannan sana'ar ta ciyar da ni har na kama kasuwanci. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Abba take ce mini. Abu ɗaya ta nema a wurina tun da na girma, in kai ta ta ga Ka'aba da idonta. Ta baro Kano da ƙarfinta, hanya ta cinye rabinsa. Kafin mu kai bakin teku ta fara tafiya da sanda.

A lokacin, mai takardu da abin biya ta tashar Sawakin yake bi, ya shiga babban jirgi zuwa Jidda. Irinmu kuwa sai mu gangara kudu zuwa Musawwa, wani garin bakin teku a ƙasar da Italiya ke riƙe da ita, inda ake ƙetarar da mutane a ɓoye cikin sambuk. Sambuk jirgin katako ne da iska ke turawa da wani ƙaton ƙyalle. Wanda ya haɗa mu da mai jirgin wani dillali ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, kuma har yau wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya dafa kafaɗata, ya ce in gaishe masa da Manzo.

Mun fi ƙarfin jirgin, maza da mata da yara, kowa a kan kayansa. Da muka fita tsakiyar ruwa kowa ya kama amai, ban da mutum ɗaya. Sunansa Garba, mutumin Yawuri, masunci ne da aka haifa a wani tsibiri a tsakiyar Kwara, irin wanda su suke kira gungu. Yana zaune a bakin jirgi yana cin dabino, yana kallonmu.

Ya ce da ni, "Ɗan Kano, wanga duka don ɗan ruwan ga? Da kun ga Kwara da damina fa?"

Na ce, "Bari in sauka ƙasa tukuna, za mu yi maganar."

Ya yi dariya, ya miƙo wa Gwaggo dabino. Daga nan muka saba.

Mun wuce wasu tsibirai masu yawa a ɓangaren Musawwa, shimfiɗaɗɗu, ba tudu ba itace, kamar an yayyafa faifai a kan ruwa. Bayan su sai ruwa zalla na 'yan kwanaki. Wata rana da la'asar muka hango ƙasa. Mai jirgin ya matsa da mu jikin wata gaɓar dutse, ya ce ga Hijaz, mu sauka da sauri kada askarawa su gan mu. Ya nuna gabas da hannu, ya ce mu miƙe, gobe za mu tarar da hanyar raƙuma mai zuwa Makka. Mutane suka riƙa dirowa suna sujada. Gwaggo ta ɗebi ƙasar ta shafa a fuska. Kafin mu gama ɗaura kaya ya juya jirginsa.

Ƙasar ba irin tamu ba ce. Dutse ne fari mai ramuka kamar saƙar zuma, mai kaifi kamar aska, ya yanka takalmi ya yanka ƙafa. Muka yi tafiya har rana ta faɗi, muka kwana, da sassafe muka ci gaba. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka iso ƙarshen ƙasar. Ruwa a gaba, ruwa a dama, ruwa a hagu. Wasu samari suka zaga ta kudu suka dawo ta arewa. Ba gida, ba rijiya, ba ko ƙafar akuya. Tsibiri ne aka zubar da mu a kai, kuma ruwan sha sai ɗan abin da ya rage a butoci da salkuna.

Can gabas ana hango wata ƙasa, doguwa, da duhun itatuwa. Kowa ya zuba mata ido.

Garba ne ya fara lura da ruwan. A gefen da aka sauke mu gaɓa ce mai tsayi, ba a gane komai. Nan gabas kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe. Ya kafa kara a bakin ruwa, ya zauna. Jim kaɗan karan ya koma kan tudu, ruwa ya ja baya ya bar yashi da duwatsu a fili. Ya sake kafa shi can gaba, ruwa ya sake barinsa. Ya miƙe ya tara mutane.

Ya ce, "Jama'a, Allah ya dube mu. Ruwan ga sauka shikai. Ni gungu anka haife ni, na san wanga. In rani ya yi, da ƙafa muke ƙetarawa kasuwa. Kowa shi ɗauki kayanai."

Ni a lokacin ba na wurin sosai. Na kai Gwaggo inuwar wani dutse don ƙafafunta sun tsattsage, sai wani wari ya dame mu, irin na mushe. Na ce mu matsa. Ta ɗaga hanci ta ce, "Tsaya. Je ka duba mini abin nan."

Na bi warin. Rami ne aka haƙa a yashi, aka rufe da tabarmar kaba, aka danne da duwatsu. Na ɗaga. Cike yake da manyan dodon koɗi na teku, suna ruɓewa. Na toshe hanci na ɗauko ɗaya na kawo mata. Ta sa tsinke ta zaƙulo wani ɗan abu mai kauri daga bakinsa, ruwan ƙasa, mai siffar ƙumbar yatsa. Ta goge shi a zaninta, ta juya shi a tafin hannu.

Ta ce, "Abba, farce ne."

Duk macen da ta taɓa haɗa humra ta san farce. Shi ke kama ƙamshi ya zaunar da shi a jikin tufa. A kasuwar Kurmi 'yan ƙwayoyi ake sayar mata a ƙunshi, ta kawo gida ta ɓoye kamar zinariya. Shekara da shekaru tana aiki da shi, ba ta taɓa sanin murfin bakin dodon koɗi ba ne, ita a zatonta ɓawon wani itace ne na ƙasar Larabawa.

Ta tsaya tana mamakin wannan, ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri. Na koma na duba tabarmar. Sabuwa ce, rana ba ta cinye ta ba. Naman bai bushe ba. Kusa da ramin ga duwatsun murhu, tokar ma iska ba ta gama kwashewa ba. Na ruga wurin jama'a, har sun fara ɗaura kaya a ka.

Na ce, "Garba, ku dakata. Akwai mai kaya a tsibirin nan. Ya binne abinsa ya ruɓe, zai dawo ya kwasa."

Ya ce, "Yaushe?"

"Ban sani ba."

"Ka ji. Ba ka sani ba. Ni kau ga ƙasa ina gani da idona. Ka taɓa ganin gulbi ya janye ya komo rana guda? In ruwa ya kama sauka, sai baɗi."

Na ce, "Ni ban san ruwa ba. Kaya na sani. Ba mai tara wannan ya tafi ya bar shi."

"In mai shi ya mutu fa?"

"To magadansa za su zo."

Wasu suka yi dariya duk da halin da ake ciki, amma yawanci bayansa suka bi, kuma ban ga laifinsu ba. Shi masunci ne, ni ɗan kasuwa. Shi yana nuna musu ƙasa, ni ina nuna musu rami mai wari.

Na koma wurin Gwaggo. Na san ba za ta iya taka dutsen nan ba, in kuwa na goye ta a kansa duk mu biyu za mu faɗi. Na kuma san in lissafina ya kuskure, ƙishirwa ita za ta fara ɗauka.

Ta ce, "In tafiya ce ka bi su. Ka bar mini butar."

Na ce, "In je can in ce na kawo wa?"

Muka zauna, mu da tsofaffi da wasu mata masu goyo, muna kallon bayan masu tafiya har suka zama ƙanana.

Sun yi nisa ƙwarai, sai na ga kamar yashin da ke gabanmu yana ƙyalli. Na sauka na duba. Ruwa ne yake dawowa, ba da igiya ba, ba da ƙara ba, yana malalowa kamar an ɓare tulu a tsakar gida. Karan Garba da ke kan tudu ya fara nutsewa. Muka yi ta kira, muna kaɗa mayafai. Daga baya aka ba mu labari cewa a tsakiya sun tarar da wata kwazazzaba mai zurfi, shuɗiya, wadda ba ta ƙafe ba kuma ba ta ƙafewa. Suna tsaye suna shawara ruwa ya zagayo ta bayansu.

A nan Garba ya nuna ɗan ruwa ne. Ya sa suka zubar da kaya, ya kwance rawunan maza ya ƙulla su igiya ɗaya, kowa ya riƙe. Ya riƙa ɗaukar yara a wuya yana kai su inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ya koma ya ɗauko wasu. Suka iso ruwa har ƙirji, ƙafafu duk jini. Mutum ɗaya ne bai iso ba, wani tela mutumin Damagaram, wanda ya saki igiya ya koma ɗauko ƙunshinsa. Da yamma ruwa ya kawo mana shi. Muka yi masa sutura da haraminsa, muka binne shi kusa da wasu tsofaffin kaburbura da muka gani a bayan dutse.

Garba ya koma gefe ya zauna shi kaɗai. Gwaggo ta tsiyaya ruwa kaɗan a murfin buta, daga rabonta, ta ce in kai masa. Na ce Gwaggo, naki ne fa. Ta ce, "Mutumin da ya fito da 'ya'yan mutane daga bakin mutuwa ba ya zama shi kaɗai. Kai masa."

Ya karɓa ya sha. Sannan ya ce, "Wanga ba gulbi ba ne, ɗan Kano. Numfashi shikai."

Washegari shi ya tashi ya bi gindin wasu ƙananan itatuwa yana tono, kamar yadda ake tonon yashin rafi da rani, har ya sami wani ruwa mai gishiri-gishiri da ake iya haɗiyewa da ƙyar. Ya kama kifi da zanin wata mata. Da wannan muka rayu.

Ni kuma na zauna na yi tunani irin na kasuwa. Mai ramin nan in ya zo zai tarar da taron baƙi marasa takarda. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya kwashi kayansa ya juya. To me zai hana shi? Na tara mata na ce mu yi masa aikinsa kafin ya iso. Wani dattijo ya ce taɓa kayan mutum ba da izininsa ba haramun ne. Na ce ba ɗauka za mu yi ba, gyarawa za mu yi, ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga aljihun kowa ba. Wanda ya zo ya tarar an yi masa aiki, kunya za ta hana shi juya baya.

Gwaggo ta zama uwar aikin daga kwance, don zazzaɓi ya fara kama ta. Ta nuna musu yadda ake zaƙulowa ba a karya ba, a kankare naman da gefen katantanwa, a cuɗa da yashi, a wanke, a shanya. Ta sa aka ware manya daban, matsakaita daban, fasassu daban. Warin ya kama hannuwanmu har ba ma iya cin kifi sai mun kau da kai.

Ruwan butoci ya ƙare. Leɓunan Gwaggo suka farfashe, ta daina yi mini faɗa, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Mutane suka daina kallona in na wuce.

Sai wata safiya wata mata ta nuna kudu. Ƙaramin sambuk ne. Ya tsaya nesa da gaɓa, mutanen ciki suna kallonmu, ba su sauko ba. Na shiga ruwa har gwiwa, na ɗaga tabarmar raminsu sama. Sai wani tsoho baƙi, siriri, mai jajayen idanu, ya diro. Sunansa Salim. Larabcin da na koyo a Sudan ya yi mini rana.

Bai amsa sallamata ba sai da ya ce, "Wa ya buɗe mini rami?"

Na ce, "Ni ne. Zo ka gani."

Na kai shi inda muka jera kayan kashi uku a kan zannuwa. Ya tsuguna, ya ɗebo, ya sansana, ya duba ramin da babu komai ciki sai ɓawo. Ya ce wa ya koya mana. Na nuna Gwaggo. Ta buɗe ido da ƙyar.

Ta ce, "Gaya masa yana ɓata kaya. In aka bar shi ya daɗe a ruɓa, ƙarni yake kamawa, sai an sha wuya a wurin suya."

Na ce, "Gwaggo, jirginsa muke nema."

"Gaya masa dai."

Na gaya masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya kwashe da dariya. Ya daka wa mutanensa tsawa suka sauko da salkunan ruwa, shi da kansa ya tallafo kanta ya ba ta.

Amma maganar ɗauka ya ce a'a. In aka gan shi da Takari a jirgi, haka suke kiranmu, za a ce shi ne mai fataucin mutane, a ƙwace jirgin. Zai je babban tsibiri ya faɗa wa hukuma, su san yadda za su yi. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce sai yadda iska ta yi. Na dubi Gwaggo na san ba ta da waɗannan kwanakin.

Na ce, "Ya ammi," wato baffa, "ba mahajjata za ka ɗauka ba. Masu aikinka za ka ɗauko daga raminka, ga aikin nan shaida. In an tambaya, ni zan tsaya gaban hakimi in faɗi wanda ya zubar da mu da wanda ya tsince mu."

Ya ja gemunsa. Daga baya ya ce jirgin ƙarami ne, sai dai sawu biyu, mata da marasa lafiya su fara. A shekarun nan ba labari ba ne a raba mata da yara da mazansu a bakin tekun nan, a sayar. Ga shi zan miƙa Gwaggo ga mutumin da na sani tun hantsi.

Na ce, "Na yarda. Amma farcen zai zauna tare da mu har ka dawo, da mutum ɗaya daga cikinku."

Ya ce, "Ɗazu roƙo kake yi, yanzu sharaɗi kake kafawa?"

Na ce, "Wanda ya kawo mu nan ma da fara'a ya karɓe mu."

Ya kalle ni har na zaci na ɓata cinikin. Sai ya kira ƙanensa ya ce ya sauko da tabarmarsa ya zauna da mu. Na ɗauki Gwaggo na sa ta a jirgi. Na yi ciniki da yawa a rayuwata, a Kurmi da Omdurman da nan Makka, ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Salim ya dawo kamar yadda ya ce.

Babban tsibirin shi ne Farasan, kuma da sunansa ake kiran dukkansu. Hakimin garin ya saurare mu, ya sa aka ba mu masauki, aka ƙetarar da jama'a zuwa Jizan, a gaɓar ƙasar Larabawa, suka kama hanyar Makka da ƙafa. Gwaggo ba ta iya ko zama. Matar Salim ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. Ni da Garba muka shiga jirginsa aiki. Muna can aikin Hajji na shekarar ya wuce. Ranar Arfa Gwaggo ta juya fuska bango ta yini a haka. Na ce mata baɗi. Ta ce, "Ka yi wa Mala'ikan mutuwa wannan alkawarin?"

Watannin nan su suka koya mini tsibiran. Suna da yawa, kowane masunci da nasa lissafin, don wasu in ruwa ya hau ɓacewa suke yi. Duka dutsen teku ne da ya taso sama, shi ya sa ko a tsakiyar tsibiri ka fasa dutse za ka ga katantanwa a ciki. Ba kogi ko ɗaya. Kaɗan ne ke da rijiya, kuma su kaɗai ke da mutane. Sauran na tsuntsaye ne da masunta. Ƙasar da muka hango har muka rasa tela, ashe ita ma tsibiri ce marar ruwa, duhun da muka gani kuwa wani itace ne da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, raƙuma na shiga har ciki su ci ganyensa. Akwai barewa a Farasan, ƙanana. Akwai wani kifi mai launi da ke zuwa gaɓa ɗaya tak sau ɗaya a shekara, gari duka ya fita kamunsa kamar ranar salla. Garba ya ce irin wannan kamun kifi kam sun san shi a Kabi, ya shiga ya fi kowa kamawa.

Salim tsohon mai nutso ne, lu'ulu'u ya yi rayuwarsa yana nema, shi ya jajanta masa ido ya toshe masa kunne ɗaya. Ya zaga da ni cikin gari ya nuna mini gidajen attajiran lu'ulu'u, na dutsen teku, an yi musu zane a fuska tun daga ƙasa har sama, ya tuna mini da gidajen masu hali a Kano. Ya ce masu su har Indiya suke kai kaya. A kan tudu ga ganuwar Turkawa, babu kowa ciki. A wani tsibiri kusa ga wani dogon gini da Jamusawa suka yi don ajiye gawayin jiragensu, suka tafi ba su ci moriyarsa ba. Ya ce kowa ya zo ya riƙe tsibiran nan ya wuce, Turkawa, da sarakunan gaɓa, yanzu kuma Sarkin Saudiyya, su dai masunta suna nan. Abin da ya karya su ba yaƙi ba ne. Wasu mutane ne can gabas mai nisa suka gano yadda ake noman lu'ulu'u kamar gyaɗa, kasuwa ta faɗi. Shi ya sa mai nutso kamarsa ya koma tara dodon koɗi.

Na saurari tarihin, amma kunnena na kan wani abu. Na ga yadda 'yan sari ke karɓar farce a hannunsu, da ƙazantarsa, a buhu, kamar ana ba su kyauta. Na kuma san yadda matanmu ke nemansa, daga Makka har Barno. Tsakanin waɗannan biyun ba kowa sai wanda ya san duka ɓangarorin. Na ce da Salim ya daina sayar da nasa a haka. Gwaggo, da ta fara tashi, ta koya wa matan unguwar gyara da warewa. Ba ta jin Larabci, ba sa jin Hausa, da dungure da harara aka yi karatun. Muka ƙulla magana da Salim a gaban limaminsu, shi ya tara, ni in sayar, Garba ya riƙa kawowa. Garba bai bar tsibiran ba sai don sauke farali. Ya yi aure a can, yau yana da jirginsa, kuma yanzu ba sai ya kafa kara a bakin ruwa ba kafin ya san hawan teku da saukarsa.

Da iskar kudu ta kama, Salim ya ɗauke mu ya bi da mu gefen gaɓa zuwa garin Lis. Matarsa ta raka Gwaggo har cikin ruwa tana kuka, ta cusa mata ƙunshin busasshen kifi. Daga Lis na yi wa Gwaggo hayar raƙumi da buhun farce na farko, ni ina biye da ƙafa. Muka ɗaura harami a Yalamlam. Hanyar kudu ta Misfala take shigowa Makka, don haka unguwar da na fara takawa ita ce wadda nake ciki har yau. Muna shiga na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Hausar Katsina. Gwaggo ta ce a sauke ta ta ji da kyau.

Masu ɗaukar tsofaffi a makara suka taso mana a ƙofar Harami. Ta kore su da sanda. Da ƙafarta ta yi ɗawafi, tana dafe da kafaɗata, muna tsayawa tana hutawa. Ba ta yi kuka ba, idonta dai bai bar Ɗakin ba. Ni na san abin da na ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ce zan kawo ta, na kawo ta.

Muka zauna har Hajji ya zagayo, ta tsaya Arfa, ta yi jifa a Mina da hannunta. Da ayarin mutanenmu ya fara shirin komawa, na same ta a ƙofar ɗakin da muka kama, ta hura gawayi tana suyar farce, matan unguwa sun kewaye ta kowace da kwalbarta.

Na ce, "Gwaggo, mutanen Kano za su tashi jibi. Na tambaya, wannan karon ta Jidda za mu bi, babban jirgi, da takarda."

Ba ta ɗago ba. Ta juya kaskon, ta ce, "Abba, ni na gama ƙetare ruwa. Je ka nemo mana shago."

Na nemo. Tana kwance a makabartar Ma'ala yanzu, ni kuma ina cikin shagon.